Fitilar kashe ƙwayoyin cuta da makunnin fanka

Shagon ɗinki nake da shi a Fagge, tela bakwai a ɗaki mai taga ɗaya. Da aka gano tarin fuka a jikin ɗaya daga cikin yarana, sai na sayo doguwar fitilar UV-C a Sabon Gari, irin mai nanomita 254 (ma'aunin nau'in haskenta ke nan), wadda haskenta ke lalata ƙwayoyin cuta har su kasa hayayyafa. Abu ɗaya na roƙi mai wayarin: ya ba ta makunninta daban, a waje, don sai an tashi aiki za a kunna. Ya ce, "Alhaji, an gama." Ashe da layin fankoki ya haɗa ta.

Ana cikin satin Sallah aka kawo wuta wajen la'asar. Fanka ta juya, fitila ta kama, kowa ya duƙufa kan kekensa. Da rana shuɗin hasken nan ba ya ɗaukar ido, kuma ba ka jin zafi ko ƙaiƙayi a lokacin. Sai tsakar dare wayata ta fara ƙara. "Oga, idona kamar an zuba mini yashi." Ɗaya bayan ɗaya, har mutum biyar, hawaye na zuba, ba mai iya kallon ko hasken waya.

Likita ya ce irin abin da ke samun mai walda ne in ya yi aiki ba tabarau. Hasken yana ƙona saman ido, ciwon kuma ba ya bayyana sai bayan awa 6 zuwa 12. Alhamdulillahi, cikin kwana biyu suka warware. Amma kwana biyu a satin Sallah? Shaddodin mutane na jibge a kan tebur, ni kuma ina ta ba da haƙuri a bakin ƙofa, duk saboda makunni ɗaya.

A nan ne likitan ya ƙara mini da cewa kunna ta da dare a ɗakin da ba kowa bai cika amfanar iska ba, tunda ƙwayar cutar tana fitowa ne lokacin da mutane ke ciki suna tari. Wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kai a 2019 ita ce ta sama, mai shinge, da ake kafawa sama da mita 2 daga ƙasa. Haskenta rufi yake bi, fanka kuma tana tura iska ta wuce ta cikinsa. Silin ɗina gajere ne, ba zai ɗauki irin wannan ba, don haka na fasa bango na yi taga ta biyu.

Duk wanda zai sa, ya tsaya a kan mai wayarin, ya gwada makunnin da hannunsa, ya tambayi kansa me zai faru in an ɗauke wuta an dawo da ita. Kuma kar ya sa ran za ta rage ƙurar hunturu. Ƙurar ma kwanciya take a kan kwalbar ta tare hasken, sai an kashe ta, ta huce, an goge.