Tsohon ɗakin karatun garinmu

Asabar, bayan isha'i.

Da sassafe na hau mota a tashar Kawo zuwa gida gaisuwar rasuwa. Bayan an yi addu'a an watse, Kawu ya ja ni gefe ya ce, "Zo ka ga ɗakin karatu, ana maganar rushe shi a yi shaguna." Ni tun tasowata wurin ajiye taki na san shi, ban taɓa ɗaga kai na dubi rufinsa ba sai yau.

Ginin tubali ne, bangon ya kai kamu ɗaya a kauri, shi ya sa da muka shiga da azahar sai sanyi ya ratsa mu. Babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Bakan gizo biyu ne, wato gini mai lanƙwasa kamar baka, suka taso daga bango suka gitta a sama, aka jera azara a tsakaninsu, har yanzu gara ba ta taɓa ta ba, don itacen giginya ba ya ciyuwa. Fasahar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya nuna a Masallacin Juma'a na Zariya ce, maginin ƙauye ya kwaikwaya daidai ƙarfinsa. Tagogin ƙanana ne, suna can sama, haske na sauka kan daɓe ba tare da rana ta shigo ba. Wanda ya yi wannan ya san mai karatu zai yi wa gini.

Kawu ya nuna mini gurbin da aka sassaƙa a bango, inda ake jera jaridu. Ya ce da yamma malami kan zauna ya karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo da ƙarfi, dattawa na kan tabarma, yara na leƙe ta ƙofa. Jaridar ta fara fitowa a Zariya a 1939, Abubakar Imam na editanta. En'e, wato hukumar gargajiya ta zamanin Turawa, ta yawaita irin waɗannan ɗakuna lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don mutane su ji labarin yaƙi, daga baya a shekarun 1950 ajin yaƙi da jahilci ya gaje su. A nan Kawu ya koyi rubuta sunansa da boko.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne bangon gabas, inda ruwan sama ke duka. Wani ya shafe shi da siminti da niyyar gyara. Siminti ba ya barin ƙasa ta sha iska, damshi ya taru a ciki, yanzu shafen yana ɓarewa da ƙasar bangon gaba ɗaya. Indararo ɗaya ya karye, zanko biyu sun zube. Yaɓe da makuba, wato shafen da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa, kawai ginin ke nema, kamar yadda aka saba yi masa bayan damina.

Kafin la'asar muka je wurin dagaci. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba mu zuwa kaka kafin a yanke hukunci." Ya amince, da sharaɗin mu kawo magini ya duba. Kawu ya san wani tsoho a cikin birnin Zariya mai aikin soro, gobe zai kira ɗan tsohon a waya.