Kan kalma bai isa ya gaya muku ma'anarta ba

Ƙannena masu koyon Turanci, akwai wata ƙa'ida da aka koya mana a aji biyu na sakandare, na riƙe ta hannu bibbiyu har ta cuce ni. An ce duk kalmar da ta fara da "in" kore ma'ana take yi: "correct" daidai, "incorrect" ba daidai ba, "visible" ana gani, "invisible" ba a gani. Ƙa'idar ba ƙarya ba ce, sai dai ba ta game ko'ina ba, ni kuwa na ɗauka ta game.

Bayan na gama makaranta na yi shekara guda ina koyarwa kyauta a wata firamare a unguwarmu. Da zan nemi aiki, hedimasta ya rubuta mini takardar shaida, a ciki ya ce gudummawata "invaluable" ce. Na karanta na ji zuciyata ta yi baƙi. Wato duk wahalar da na sha ba ta da daraja? Na cusa takardar ƙarƙashin katifa, ban kai ta wurin aikin ba, kuma na yi wata huɗu ina kauce wa dattijon nan a hanya.

Ashe yabo ne mafi girma. "Value" na nufin yi wa abu kuɗi, don haka "invaluable" shi ne abin da darajarsa ta wuce a ƙiyasta ta. Marar amfani kuwa "valueless" ne ko "worthless".

Abin da ya fi ci mini rai, kullum ina ganin "Highly Inflammable" a jikin tankokin mai, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba: fetur ne ba ya kama wuta? Turanci ya aro "in" iri biyu daga Latin. Ɗaya na korewa, ɗaya na nufin shiga ciki, kamar a "inject" da "insert". "Inflammable" daga na biyun take, ma'anarta ɗaya da "flammable", wato mai kama wuta. Wannan kuskure kan iya jawo gobara. Haka "infamous": ba wanda ba a sani ba ne, wanda ya yi ƙaurin suna ne wajen mugun abu, kada ku yaba wa malaminku da ita.

Mu ma muna da irin wannan. Makaranta, maɗinki da mabuɗi duk "ma" ce ta gina su, amma ba ita ta gina masara, madara ko mage ba. Kama da wane ba wane ba ne.

Don haka in kalma ta zo muku a takarda mai muhimmanci, ku buɗe ƙamus, ko na waya ne, ku karanta har jimlar misalin da ke ƙasa, kafin ku yi fushi ko murna.

Ranar da na gane, bayan la'asar na tafi gidan hedimasta da takardar a hannu, na durƙusa na ce, "Malam, ka yafe mini." Aikin kam an riga an ba wani.