Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Zamana a Jinja, garin da ke bakin Kogin Nilu

A makon jiya na tsaya ne a inda aikin koyarwa ya kai ni garin Jinja na ƙasar Yuganda, a farkon shekarar 2009. Tafiyar kimanin kilomita 80 ce daga Kamfala, kuma motar da ta ɗauko mu ta bi ta kan madatsar ruwan Owen Falls, domin a lokacin ta nan babbar hanya ke tsallake Kogin Nilu, wanda yake fitowa daga Tafkin Biktoriya a gefen garin.

Na kama haya a gidan wani dattijo da kowa ke kira Mzee, wato yadda suke girmama tsoho a can, kuma a bakinsa na fara jin tarihin garin kafin in karanta shi a littafi. Da la'asar yakan ja ni mu bi babban titin garin a ƙafa, yana nuna mini da sandarsa tsofaffin shagunan Indiyawa masu baranda, waɗanda har yau ake ganin shekarar gininsu a rubuce a goshinsu, ko da yake fentin ya koɗe. Shi ya gaya mini cewa sunan Jinja yana nufin dutse a harshensu, saboda duwatsun bakin kogin inda masu kwalekwale ke tsallakar da mutane tun kafin Bature John Speke ya iso a 1862 ya raɗa wa gangaren ruwan wurin suna Ripon Falls.

Auduga ce ta fara ɗaga garin, musamman bayan an shimfiɗa layin dogo zuwa Namasagali a 1912, amma wutar lantarki ce ta mai da shi cibiyar masana'antun Yuganda. Da aka buɗe madatsar a 1954, ruwa ya hau ya binne Ripon Falls, masana'antu kuma suka yi ta buɗewa: na saƙa, na narkar da tagulla, na ƙarfe, ga kuma sukarin Kakira a kusa. Mzee ya yi shekaru yana aiki a wata masaƙa, kuma idan yana ba da labarin jiniyar safe da jerin kekunan ma'aikata da ke cika titi, sai muryarsa ta sauya. A 1972 Idi Amin ya ba 'yan Asiya, wato Indiyawan nan da makamantansu, kwana 90 su bar ƙasar, aka raba shagunansu da masana'antunsu ga mutanen da yawancinsu ba su san kan aikin ba, injuna suka yi ta tsayawa ɗaya bayan ɗaya. Ko da zaman lafiya ya dawo, Kamfala ta riga ta janye harkokin kasuwanci, Jinja ta zama garin tsofaffin gine-gine.

Kogin dai shi ya sake ceto garin. A tsakiyar shekarun 1990 wasu kamfanoni suka fara ɗaukar baƙi a jiragen roba suna bi da su ta cikin ruwa mai tumbatsa a Bujagali, wani gangaren ruwa a kan kogin kusa da garin, daga nan masaukan baƙi suka fara tsirowa a bakin ruwa. Jikan Mzee yana cikin samarin da suka koyi tuƙa waɗannan jiragen. Kullum da asuba nakan gan shi yana kwashe rigunan kariya da hulunan kwano da ya shanya a igiya, ya ƙirga su, ya ɗaure a bayan babur, kakansa na zaune a kan benci yana kallo. Wata safiya tsohon ya ce mini: "Malam, mu mun ci abinci da ƙarfin ruwan nan, su kuma suna ci da haukansa."

Ban raina wannan sana'a ba, domin na ga yaran da aka biya wa kuɗin makaranta da ita, wasu ma a ajina suke. Sai dai abin da ya dame ni shi ne, masaƙa ɗaya takan riƙe dubban iyalai duk shekara, alhali aikin baƙi yana zuwa ne lokaci-lokaci, kuma na lura wuraren da suka fi kyau a bakin kogin an zagaye su da shinge, mai kamun kifi sai ya yi zagaye kafin ya kai ga ruwan da kakanninsa suka sha.

A ƙarshen 2011 aka fara tare ruwa a sabuwar madatsar Bujagali, wadda aka buɗe a 2012. Na raka jikan Mzee zuwa wurin bayan ruwan ya hau, muka tsaya a kan tudun da a da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda rugugi, sai ga tafki shimfiɗe, shiru kamar an ɗauke wuta. Kamfanonin suka matsa can gaba inda sauran gangaren ruwa suke, shi ma ya tattara ya bi su, gidan ya rage daga ni sai tsohon.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo labarin rashin lafiyar Mzee da daren da muka tsallaka kogin da shi zuwa asibiti.