Kada ka toshe wa inji baki

Ranar Talata da hantsi, a wani wurin fasa dutse da ke bayan gari, na tarar da wani yaro tsugune a gefen eskabeta, waya a hannun hagu, ɗan ƙaramin rezista, abin nan mai rage ƙarfin wutar lantarki, a hannun dama. Ba zai wuce shekara 22 ba. Injin yana rage ƙarfi da kansa da zarar ya ɗauki zafi, allo yana nuna lamba 100, tifofi sun yi layi direbobi suna ta danna oda. Na ce, me za ka yi da wannan? Ya ce, "Baba, sensar baƙin mai ce ta mutu. Zan ɗan yaudari ƙwaƙwalwar kafin a kawo sabuwa." Ƙwaƙwalwa ita ce kwamfutar da ke sarrafa injin. Gabana ya faɗi, domin kusan da waɗannan kalmomin na taɓa kashe inji sukutum da hannuna.

Ni a kan tsofaffin injuna na koyi aiki, masu famfo da nozul, waɗanda kunne da hanci da tafin hannu suke isarka. Lokacin da katafilolin da ke da ƙwaƙwalwa suka fara cika wuraren aiki, kallon raini na yi musu. A ganina Turawa ne suka ƙirƙiro hanyar hana bakanike cin abinci. Ana cikin haka aka kira ni wani aikin hanya, eskabeta ce ƙirar Caterpillar mai injin C9, tana kukan ƙarancin matsin baƙin mai, tana rage gudu. Na zaro sandar gwada mai, na ga a cike, har ya ɗan haura layi. Na kasa kunne, inji lafiya lau, babu ƙwanƙwasa. Nan take na yanke hukunci cewa sensa ce ke ƙarya.

Zan faɗi abin da ke gare ni na uzuri, ko da ba zai wanke ni ba. Damina ta kusa, ɗan kwangila yana tsaye a kaina yana lissafa mini abin da yake asara a kowace awa. Gejin gwada matsi yana gareji, tafiyar fiye da awa uku. Kuma sau nawa na ga sensa ta mutu a banza? Sau da yawa. Ƙura, zafi, ruwan wanki da ke shiga soket, ɓera da ke cin waya. A cikin irin wannan ƙara guda goma, na rantse mafi yawansu waya ce ko soket. Wa zai ce ban yi tunani irin na mai hankali ba?

Amma ƙarya nake yi wa kaina, kuma na sani tun a ranar. Sensar nan waya uku gare ta: ɗaya tana kawo wuta bolt 5 daga ƙwaƙwalwa, ɗaya ta komawa, ɗaya kuma tana kai labari, tsakanin rabin bolt zuwa 4.5 gwargwadon matsin da ke cikin inji. Na cire ta, na haɗa abin da zai riƙa gaya wa ƙwaƙwalwa cewa komai daidai ne. Fitila ta mutu, inji ya dawo da ƙarfinsa, ɗan kwangila ya dafa kafaɗata ya ce ni ne sarkin kanikawa. Na kwana ina jin daɗi. Kwana biyu bayan haka, da la'asar, inji ya buga.

Da muka kwance, metal, wato 'yan ƙarafunan da karanshaf yake juyawa a kansu, sun narke sun manne da shi. Abin da ya faru shi ne gas yana zurarewa cikin baƙin mai, ya tsinka shi ya zama kamar ruwa. Shi ya sa sanda ta nuna mai ya haura layi. Wato alamar da na riƙe a matsayin hujja ita ce take nuna mini ciwon. Da na kai sandar nan hancina, ni da nake taƙama da hanci, da na ji warin gas. Ban sansana ba. Har yau in na tuna ɗan kwangilar nan zaune a kan dutse ya yi tagumi, sai abinci ya fita raina. Shi ya matsa mini, gaskiya ne. Amma ni aka kira bakanike.

Na yi niyyar jero muku shawarwari masu yawa, ku matasan kanikawa, amma da na zauna sai na ga ba su kai haka ba.

Ku karanta lambar har ƙarshenta. Lamba 100 tana nufin matsin baƙin mai ne kawai, kamar yadda 110 take nufin zafin ruwa, 190 kuma gudun inji. Akwai ƙaramar lamba a bayanta, wadda ake kira FMI, ita ce ke faɗin irin matsalar. In 3 ce ko 4, wutar da ke dawowa ta yi sama ko ƙasa fiye da kima, to ka bi waya da soket da sensa. In kuwa 1 ce, ƙwaƙwalwa tana cewa ta yarda da abin da sensa ta auna, kuma matsin ya faɗi ƙasa ƙwarai. Wannan kashe inji ake yi, a ɗaura geji na hannu, a auna da zafinsa, a gwada da abin da littafin injin ya ce. Yaron nan da na tambaye shi ƙaramar lambar, bai ma san tana nan ba. Hoton allo ya ɗauka ya tura WhatsApp, wani da bai taɓa ganin eskabetar ba ya ce masa sensa ce. Abin nan yana ci mini rai. Kuna da manhajojin binciken inji irin su Cat ET da INSITE a kwamfuta, abin da mu muka yi shekaru muna roƙon a nuna mana, amma mafi yawanku maɓallin goge lamba kaɗai kuka iya. Ku goge, ku karɓi kuɗi, ku hau babur. Aƙalla ku rubuta lambar da awannin da ta fito kafin ku goge.

Ku yarda da ƙwaƙwalwa. Sai dai kuma kada ku yarda da ita, domin na ga wanda ya sayi injekta, wato nozul mai fesa gas, har shida don lamba ta ambaci injekta, ashe waya ce guda ta goge a jikin ƙarfe. Na san maganganun nan biyu suna karo da juna, to haka aikin yake. Mita da geji ne ke raba gardama.

Kuma don Allah ku daina sassauta bututun injekta inji yana aiki, irin yadda muke yi a da don gano silindar da ta mutu. A injunan yanzu matsin gas yana haura bar 1,600 a ma'aunin matsi, yana huda fata ya shige nama. Kwamfuta tana kashe silinda ɗaya bayan ɗaya ba tare da ka taɓa sifana ba.

Maganar jure wa matsin lambar mai kaya kuwa, ban san yadda zan faɗa muku ba. Sauƙin faɗa gare ta ga wanda ya tara abokan ciniki. Yaro in ya ce a tsayar da aiki, ana iya kiran wani gobe, ya kwana da yunwa. Na sani. Duk da haka ka ce a tsayar.

Na karɓe rezistan daga hannun yaron, na aika shi mota ya ɗauko gejina. Ya tafi yana gunaguni. Muka bar inji ya yi zafi, allura ta sauka ƙasa ƙwarai da abin da ya kamata. Na sa shi ya kwance filta ya yanka ta da kansa, ya baje takardar cikinta a rana. Ga ɓurɓushin ƙarfe nan yana ƙyalli a tsakanin ninkin. Ya daɗe yana kallo bai ce komai ba, sannan ya goge hannu a wando, ya nufi wajen mai dutsen don ya gaya masa yau babu lodi.