Waƙar da ta kwana a ƙasan akwati

A shekarata ta biyu ina koyon haɗa sauti a situdiyo, wani matashin mawaƙi ya zo da waƙoƙi biyar, muka wuni muna ɗauka. Wajen magariba, ina naɗe wayoyi, ya ce akwai wata tsohuwa da yakan rera idan yana tsokanar abokansa, ko zan saurara? Na duba agogo na ce lokacin da ya biya ya ƙare. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Maigidana yana zaune a bayana, bai ce uffan ba. Sai da muka idar da isha'i ya kira ni.

"Yaro, zauna. Ka manta da muryar, babbar gangar nan ta ƙasa kawai nake so ka bi."

"To, Oga."

Ya kunna "Heart of Glass" ta ƙungiyar Blondie. Sau huɗu muka ji ta a daren. Ni dai na ji kiɗan disko mai santsi da muryar mace tana yawo a samansa, ban ga abin tayar da jijiyar wuya ba. Daga baya, da na shiga bin tarihin waƙar, na gane inda ya dosa.

Blondie 'yan New York ne, sun taso daga wani ƙaramin gidan kiɗa mai suna CBGB a unguwar Bowery, inda Ramones da Talking Heads su ma suka goge. Kiɗan wurin na jita ne mai kaushi da sauri, daga cikinsa aka samu salon da aka laƙaba wa suna new wave. Mawaƙiyarsu Debbie Harry da mai jitarsu Chris Stein sun rubuta waƙar tun wajen 1974 zuwa 1975, da sunan "Once I Had a Love". A tsakaninsu kuwa waƙar disko kawai suke ce mata, kamar yadda ake yi wa yaro laƙabin zolaya. Sun gwada ta a hankali, sun gwada ta da salon rege, ta ƙi zama. Faifansu na farko ya fito babu ita, na biyu ma haka.

A 1978 kamfanin Chrysalis ya haɗa su da furodusa Mike Chapman, ɗan Ostireliya, wanda ya riga ya yi suna a Ingila da waƙoƙin Sweet da Suzi Quatro. Suka rera masa duk abin da suka tanadar wa sabon faifai, ya tambaye su ko akwai saura. A nan ne suka fito da tsohuwar waƙar, su kansu ba su ɗauke ta da muhimmanci ba. Tambayar nan ita ce ni ban yi ba a ranar, alhali yaron har bakina ya kawo waƙar.

Sai dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wahalar da aka sha a situdiyon Record Plant. Ƙwas-ƙwas ɗin da ke buɗe waƙar daga wata ƙaramar na'urar kiɗa ce ta kamfanin Roland na Japan, CR-78, wadda a shekarar ta shigo kasuwa. Na'ura ba ta gajiya, ba ta sauri, ba ta ja baya. Makaɗinsu Clem Burke kuma mutum ne mai zafin hannu, ya saba ya saki jiki ya yi ta barin wuta. Yanzu an ce ya bi bayan akwatin ƙarfe taku bayan taku. A lokacin babu tsarin MIDI da ke sa na'urori su yi tafiya tare, sai 1983 ya zo, don haka kunne da hannu da tef ne suka yi aikin. Aka rarraba gangunan ana ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya, babbar gangar kaɗai ta ci sa'o'i. Chapman ya yi ta sa su maimaici har rai ya ɓaci, musamman tsakaninsa da mai jitar bes, Nigel Harrison.

Ni kuwa idan kiɗa ya karkace, linzamin kwamfuta nake ja in daidaita shi cikin daƙiƙa biyu, in ji kamar na yi wani abin kirki. Sauƙin nan ya lalata mini kunne ban sani ba. Har akwai wurin da waƙar ke tsallake bugu ɗaya a tsakiya, inda babu murya, bakwai maimakon takwas, na ji ta ya fi sau ashirin ban lura ba sai da Oga ya ƙirga mini da yatsa a kan tebur. Tun ranar ya hana ni kallon allo idan ana ɗauka. Juya kujerata yake yi in fuskanci bango.

Ko da aka gama, ba a gaban sabon faifan nasu, Parallel Lines, aka sa ta ba, tana can ta huɗu a gefe na biyu. A Birtaniya ma sai da aka fitar da waƙoƙi biyu daga faifan kafin ita. A Janairun 1979 ta fito ita kaɗai, ta hau ta ɗaya a Birtaniya a Fabrairu, ta hau ta ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka a Afrilu, karo na farko ke nan da ƙungiyar ta kai nan a ƙasarta. Wasu gidajen rediyo sun yi ƙorafi kan wata kalma mai ɗan nauyi a baitin ƙarshe, aka yi musu kwafin da babu ita.

Mutanensu na da kuma suka juya musu baya, wai sun sayar da kai don kuɗi. A idon masu kiɗan jita na lokacin, disko abin raini ne. Ƙiyayyar ta kai ga ranar 12 ga Yulin 1979 aka tara fayafayan disko a filin wasa na Comiskey Park a Shikago aka tarwatsa su da nakiya. Su Blondie kuwa cewa suke kunnensu na kan Kraftwerk, masu kiɗan na'ura na Jamus, da aikin furodusa Giorgio Moroder. A ganina masu zargin sun yi kuskure. Wanda ke neman kuɗin banza ba ya ɓata sa'o'i a kan ganga ɗaya, kuma waƙar ta girmi kwaɗayin da ake jingina musu da shekara uku ko fiye.

Bayan mako biyu na samo lambar yaron a littafin rajista na kira shi. Ya zo yana dariyar kunya, ya rera. Amshin yana da daɗi ƙwarai, baitocin kuma sai a hankali. Muka kwashe kwana uku a kai, na sa mai fiyano ya maimaita shigarsa har ya fara harara ta. Da ta fita ba ta zaga gari ba, an dai ɗan ji ta a gidajen biki, abokansa kuma suka ce ya koma mawaƙin mata. Ya zo ya faɗa mini ransa a jagule. Oga yana gyaran wata waya a ƙasan tebur, ko ɗagowa bai yi ba, ya ce da shi:

"Akwai saura a akwatin?"