Darussan da na koya a teburin ƙorafi na banki

Na bar teburin ƙorafi na wani reshen banki a nan Katsina, kuma ina so in bar wa ƙannena da ke kan wannan kujera abin da aikin ya koya mini. Babban darasin shi ne, ƙorafin da ba a shigar a kwamfuta an ba shi lamba ba, a wurin hukuma ba a taɓa kawo shi ba.

Kun san yadda ake yi. Dattijo ya taso tun daga Mai'aduwa ko Jibiya, ya ce mai POS ya saka katinsa, alat ya shigo an cire kuɗi, na'ura kuma ta ce ba su tafi ba. Oga ya leƙo ya ce, "Ku ba Baba haƙuri, ya dawo mako mai zuwa, za su koma da kansu." Wani lokaci suna komawa, wani lokaci shiru. Shi oga lissafinsa daban ne: da zarar an shigar da ƙorafi wa'adi ya fara ci, hedikwata tana gani, Babban Banki yana gani, rahoton reshe kuma ya daina yin kyau. Sai a bar mutum yana ƙona kuɗin mota, har ya gaji ya ce ya bar wa Allah.

Doka ba ta yarda da haka ba. Tun watan Janairun 2019 Babban Bankin Najeriya, wato CBN, ya wajabta wa bankuna su ba kowane ƙorafi lambar bibiya, su kuma ɗora shi a rumbun ƙorafe-ƙorafe na Babban Bankin. Jadawalin cajin banki da ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2020 ya sa tarar naira miliyan 1 a kan kowane ƙorafin da aka ƙi shigarwa ko aka hana mai shi lambarsa. Ranar da magana ta fashe, sunan wanda ke kan tebur ake nema, domin umarnin oga da baki ya ba da shi, babu inda ya sa hannu. Na ga ƙaramin ma'aikaci ya karɓi takardar tuhuma a kan haka, wanda ya ba da umarnin kuwa ya samu ƙarin girma, kuma har yau abin bai bar raina ba. Don haka ku shigar a gaban mai ƙorafin, ku rubuta masa lambar a takarda, ku buga hatimi da kwanan wata a kwafin wasiƙarsa. Idan an ce ku dakata, ku roƙa cikin ladabi a turo maku umarnin ta imel. Ba za a turo ba.

Shigarwar ma tana da yadda ake yinta, don ƙorafi da yawa a nan suke mutuwa. Idan na POS ko ATM ne, ku karɓi rana da lokaci, adadin kuɗi daidai, lambobi huɗu na ƙarshen kati, da rasit ɗin da na'ura ta fitar, musamman lambar RRN, wato lambar shaidar hada-hadar da ke jikin rasit, da lambar na'urar. Rubutun rasit ɗin yana gogewa cikin 'yan kwanaki a aljihu da zafin nan namu, sai a ɗauki hotonsa nan take. Idan tiransifa ce, lambar hada-hadar mai alƙaluma 30 ita bankin da aka tura wa zai nema. Babu ita, sai bankunan biyu su yi ta jefa wa juna laifi. Ƙa'idar da CBN ya fitar a Yunin 2020 ta ce kuɗin da suka maƙale a ATM na wani banki a mayar cikin awa 48, na POS da na intanet cikin awa 72. Ku faɗa wa mutum wannan wa'adin, haƙƙinsa ne ya sani.

Haka nan ku faɗa masa hanyar gaba ko da oga zai ɓata rai. Idan mako biyu suka wuce banki bai warware ba, ko kwana 30 a kan cajin da ya wuce ƙima da rikicin bashi, yana da damar rubuta wa Sashen Kare Masu Hulɗa da Bankuna na CBN, ko ya kai takardar reshen CBN na Katsina. Ya sa sunan banki, lambar asusu, adadin kuɗi, kwanakin da abin ya faru da kuma lambar ƙorafin nan, saboda sai ya nuna ya fara kai kuka bankinsa kafin a saurare shi. Kada ya rubuta lambar sirrin katinsa a ciki. Bayan shekara 6 da faruwar abu ƙofar ta rufe.

Sauran darussan gajeru ne. Wanda aka damfara, a nemi bankin da kuɗin suka shiga ya riƙe asusun a wannan sa'ar, domin kafin la'asar an kwashe. Masu ba da bashi ta manhajar waya da ke aika wa dangi saƙon cin mutunci, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, ake kai wa ƙararsu. Mai tambaya ko kuɗinsa za su salwanta idan banki ya rushe, a faɗa masa hukumar inshorar kuɗin ajiya, wato NDIC, ta ɗaga inshora a 2024 zuwa naira miliyan 5 a bankunan kasuwanci, miliyan 2 a ƙananan bankuna. Wanda kuma ba ya karatun boko, ku karanta masa takardar bashi da Hausa, ruwa da caji da tarar jinkiri duka, kafin ya dangwala yatsa.