Tafiyata Zuwa Lamba 1520, Titin Sedgwick

Jirgin ƙasa mai lamba 4 a ƙarƙashin ƙasa yake ratsa Manhattan, sai ya shiga Bronx yake fitowa sarari ya hau gadar ƙarfe gab da filin wasan Yankee. Daga nan ne na fara ganin unguwar da ta kawo ni Niyok: benayen bulo jere da juna, da tsanin ƙarfe na gudun gobara a maƙale a jikinsu.

Mai masaukina dattijo ne ɗan zangon Kumasi, ya daɗe yana tuƙa tasi a garin. Hausawan Gana da na Nijar suna da yawa a Bronx, ba wuya ka ji Hausa a bakin shago. Da na gaya masa inda na nufa, wato lamba 1520 a titin Sedgwick, gidan da ake kira mahaifar kiɗan hip-hop, sai ya riƙe baki. "Malam, duk abin kallon da ke garin nan, gidan haya za ka je gani?" Na ce, "Alhaji, gani ya kori ji." Ya ɗauki hularsa muka fito tare.

Mun sauka a tashar Mount Eden, kan titin Jerome, inda gareji da masu faci suka cika ƙarƙashin gadar jirgi. Taku kaɗan sai ga babbar hanyar Cross Bronx, tireloli na ta kwarara ba ƙaƙƙautawa, ƙara da hayaƙi ko'ina. Na daɗe a tsaye a wurin, don duk wanda bai ga wannan hanya ba zai yi wuya ya gane abin da ya biyo baya. Robert Moses, wanda ya riƙe ragamar manyan gine-ginen Niyok shekara da shekaru, shi ya ja ta ta tsakiyar unguwanni tun daga 1948. A East Tremont kaɗai an tashi iyalai fiye da 1,500. Masu hali suka kwashe suka koma bayan gari, masana'antu suka rufe, aka bar baƙaƙen fata da 'yan Puerto Rico da baƙin Karibiyan da gidajen da ba mai gyarawa. A shekarun 1970 wasu masu gidaje suka riƙa sa a cinna wa gidajensu wuta don su karɓi kuɗin inshora, a daidai lokacin da hukumar birni, wadda ta kusa tsiyacewa a 1975, take rufe ofisoshin 'yan kwana-kwana. Da shugaba Jimmy Carter ya zo titin Charlotte a Oktoban 1977, a tsakiyar kango ya tsaya.

Yammacin Bronx tudu ne da gangare, har akwai titunan da matakala ce zalla. Mun hau, mun gangara wajen kogin Harlem, Alhaji yana haki yana salati, har muka iso.

Dogon bene ne na bulo mai gidaje 102, yana fuskantar wata babbar hanyar mota. Ba gidan tarihi ba ne, mutane ne a ciki suna zaman haya. Wata mata ta fito da keken jariri da buhun wanki, ta dube mu ta wuce, da alama ta saba da irinmu. Allon da ke kan kwana ne kawai yake gaya maka an raɗa wa wannan yanki na titin suna Hip Hop Boulevard. Ƙofar shiga a kulle take sai mai makulli, ban kuma nemi kutsawa ba, gidan mutane ne.

A ɗakin taro na ƙasan benen nan, ranar 11 ga Agusta 1973, wata yarinya mai suna Cindy Campbell ta shirya casu don ta tara kuɗin sayen kayan komawa makaranta. Da hannu ta rubuta katunan gayyata. Mata senti 25, maza senti 50. Yayanta Clive, ɗan shekara 18, wanda aka yi wa laƙabi da Kool Herc saboda girman jikinsa, shi ya sa kiɗa da lasifikokin mahaifinsu. A Kingston ta Jamaika aka haife shi, ya zo Amurka a 1967 da abin da kunnensa ya saba ji a can: manyan lasifikoki a fili, da mai makirfo yana magana a kan kiɗa. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake tsallake sunan Cindy in ana ba da labarin nan, alhali ita ta kama ɗakin, ita ta kira mutane.

Herc ya lura cewa masu rawa sun fi haukacewa a wata 'yar gaɓa ta faifai, inda mawaƙi yake shiru, sauran kayan kiɗa su ja baya, a bar ganga ita kaɗai. Gaɓar ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi. Sai ya riƙa sayen faifai iri ɗaya guda biyu, ya ɗora kowanne a kan nasa garmaho. In gaɓar ta ƙare a wannan, ya saki ta wancan, ya mayar da allurar na farko baya, haka har gangar ta yi mintuna tana tafiya. Faya-fayan mawaƙi James Brown na cikin waɗanda ya fi yi wa haka. Abokinsa Coke La Rock yana riƙe da makirfo yana kiran sunayen abokai yana zuga masu rawa. Da na kwatanta wa Alhaji, ya ce, "Ashe sanƙira ne." Haka ne kuwa, kuma daga wannan kirarin ne baitoci suka yi ta tsawo har suka zama rap, wato jero baitoci da magana a kan kiɗa. Yaran da ba su da kuɗin jita ko ganga, ba kuma mai koya musu, sun mayar da na'urar sauraren waƙa ta zama abin kaɗawa. Daga baya wasu masu sa faifai suka ɗora: Grandmaster Flash ya gyara haɗin ya zama ba a jin tsalle tsakanin faifai da faifai, Grand Wizzard Theodore kuma ya fito da goga faifai gaba da baya a ƙarƙashin allura.

Muka miƙa arewa zuwa filin wasan yara na Cedar, inda Herc ya koma da ɗakin ya yi wa jama'a kaɗan. Fili ne na kwando da benci, ba wani girma. Na tsaya gindin wata fitilar titi ina kallon ƙaramin murfin ƙarfen da ke ƙasanta. Irinsa su Herc suke buɗewa a wancan zamani su jona waya su ja wuta, a kwana ana rawa.

Shekara shida abin yana yawo a filaye da kaset, ba a faifai ba. Sai a 1979 Sylvia Robinson, mai kamfanin faifai daga Englewood ta jihar New Jersey, ta haɗa samari uku da ba su yi suna a Bronx ba ta fitar da faifan "Rapper's Delight", duniya ta ɗauka. Baitocin ɗaya daga cikinsu daga littafin Grandmaster Caz, wani mai rap na Bronx, suka fito, ba a sa sunansa ba, ba a biya shi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shi kansa Herc, da ciwon tsakuwar ƙoda ya kwantar da shi a 2011, ba shi da inshorar lafiya, sai da aka yi masa karo-karo, a lokacin da sana'ar da ya buɗe wa ƙofa take juya biliyoyin daloli. Gidan na titin Sedgwick ma ya sha wuya: bayan jihar Niyok ta amince da shi a 2007 a matsayin mahaifar hip-hop, an sayar da shi ga 'yan kasuwa, ya lalace, sai da masu haya suka yi ta fafutuka kafin ya koma hannun masu gyara. A 2023, yana da shekara 68, aka shigar da Herc zauren karrama mawaƙa na Rock and Roll, ya hau dandamali yana hawaye, Cindy tana gefensa.

La'asar ta kawo jiki muna filin. Alhaji ya ce ƙafarsa ba za ta sake hawa matakalar nan ba, ya buga wa wani abokin aikinsa waya, ya zo ya kwashe mu zuwa masallacin 'yan Gana.